Firiwil, Birkin Ƙafa ko Fiksi: Wane Keke Ya Dace da Titunan Gombe?

Kekuna uku za su iya jeruwa a gaban mai sayar da 'yan gwanjo, tsayinsu ɗaya, tayoyinsu iri ɗaya, babu mai giya a cikinsu, amma hawansu ya sha bamban ƙwarai, haɗarinsu ma haka. Bambancin yana ɓoye ne a cibiyar tayar baya, abin da masu gyara ke kira hob. Gane su ba wuya. Ka ɗaga bayan keken, ka juya feda gaba har taya ta ɗauki gudu, sannan ka saki. In feda ta tsaya, taya tana ci gaba da juyawa tana 'yar ƙara, kuma kana iya mayar da fedar baya ba abin da ya riƙe ta, wannan mai firiwil ne, irin wanda kusan kowa ya koyi hawa da shi. In ka mayar da feda baya kaɗan ka ji ta cije, taya ta tsaya cak, mai birkin ƙafa ne. In kuwa feda ta ƙi tsayawa sam, tana bin taya duk inda ta nufa, gaba ko baya, to ka haɗu da wanda samari masu kallon wasan keke a intanet ke kira fiksi. A wannan na ukun ka nisanta yatsunka daga sarƙa yayin gwajin.

Akwai abu ɗaya da ya hau kan dukkansu. Duk lokacin da aka ja birki, nauyin mahayi da na keke yana turuwa gaba, tayar gaba ta ƙara manne wa ƙasa, ta baya ta yi sakayau. Shi ya sa birkin baya kaɗai, ko na hannu ne ko na ƙafa, ba ya wuce kusan rabin ƙarfin tsayar da keke da birkin gaba ke da shi a busasshiyar kwalta. Mai gudun kilomita 25 a awa zai iya tsayawa cikin kimanin mita 5 da birkin gaba mai kyau, amma da na baya kaɗai sai ya ci kusan mita 10, tayar tana jan ƙasa. Ka ƙara da mita 7 da yake cinyewa a daƙiƙa ɗayar da zai ɗauka kafin ma hannunsa ya kai ga birkin. Mita 5 ɗin da ke tsakani kusan tsawon Keke Napep biyu ne a jere, kuma duk wanda ya bi bayan mai Napep a wajen Babbar Kasuwa ko Tashar Dukku ya san ba sa sanarwa kafin su tsaya ɗaukar fasinja.

Duk da haka za ka ga kekuna da yawa a gari an cire musu birkin gaba da gangan, wai yana kifar da mutum. Abin da ke kifarwa shi ne damƙar birkin gaba farat ɗaya a firgice, hannuwa a sake, jiki ya zame ya bugi kan keken. Maganinsa a ja da baya a kan sirdi, a miƙe hannuwa a tokare, a matsa birkin a hankali ana ƙarawa. Inda maganar masu tsoron take da gaskiya shi ne kan yashi. Bayan ruwan sama, rairayin da ruwa ke kwasowa ya zube a kan titunan Gombe, musamman a kwana da bakin kwalbati, yana sa tayar gaba ta zame gefe in an matsa mata, kuma zamewar tayar gaba ba ta da gyara, faɗuwa ce kai tsaye. A irin wannan wuri na baya ake fi dogara da shi. Ke nan kowannensu da ranarsa, kuma keken da ke da guda ɗaya tak ya rasa rabin abin da yake bukata.

Mu fara da firiwil. Ɗan faranti ne mai haƙora da ake murɗawa a kan tiredin hob. A cikinsa akwai ƙananan boris, da wasu 'yan harsunan ƙarfe, galibi biyu, da siririn sifirin ke turawa su kama haƙoran ciki. In ka taka gaba harsunan su kama, in ka daina su riƙa tsallake haƙoran, wannan ce ƙarar da ake ji in mutum ya saki firi a gangare. Firiwil ba ya tsayar da komai. Duk aikin tsayawa yana kan birkin hannu biyu, kuma a nan ƙarfinsa yake: birkin biyu ne, kowanne da nasa hanyar, kuma babu ruwansu da sarƙa. Ko sarƙa ta zube ko ta tsinke a tsakiyar gangara, birkinka na nan. Sannan kana iya mayar da feda baya ka daidaita ta kafin ka tashi a cikin cunkoso, kana iya ɗaga fedar ciki sama in za ka sha kwana don kada ta daki ƙasa, kuma in bakin wando ko jallabiya ya shiga sarƙa, da ka daina takawa sarƙar ta tsaya.

Matsalarsa biyu ce. Ta farko a cikin firiwil ɗin kansa: ƙurar hunturu ta haɗu da tsohon mai ta daskare, harsunan su manne su ƙi tashi, sai ka taka feda ta zarce fayau ba ta ja taya ba. In hakan ta faru kana tsaye a kan feda kana hawan tudu, ƙarfen tsakiya za ka faɗa wa. Alamar farko ita ce fedar ta riƙa ɗan zamewa kafin ta kama, ko ƙarar nan ta ɗauke. Gyaran ba ya bukatar kwance komai: a kwantar da keken a gefensa na hagu, a ɗiga kananzir a tsagar da ke tsakanin ɓangaren da ke juyawa da wanda ke tsaye, ana juya shi baya har dattin ya fito, a bari ya tsane, sannan a ɗiga mai mara kauri, irin man keken ɗinki. Kada a cusa giris mai kauri a nan, shi ne ma yake manne harsunan. In bayan haka yana ci gaba da zamewa, haƙoran ciki sun cinye ko sifirin ya karye, sai sabo.

Ta biyu, wadda ta fi muni, a birkin take. Manyan kekunan da aka saba da su, irin Raleigh da Phoenix masu taya inci 28, birkinsu na sandar ƙarfe ne da ke jawo roba ta kama cikin rim. Yana da ƙarko, amma yana son rim mai daidaito. Da rim ya lotsa ko ya karkace, birki zai riƙa kamawa yana saki, sai mai keken ya gaji da gogar da yake yi ya sassauta shi, daga nan kuma an koma ja da silifas a ƙasa, ko yaro ya cusa takalmi a kan tayar gaba. Rim ɗin ƙarfe mai ƙyalli kuma, in ya jiƙe, roba ba ta kama shi sai taya ta yi wasu zagaye ta share ruwan, don haka a watan Agusta ana fara taɓa birki a hankali tun da nisa. Rim ɗin alminiyam ya fi shi nesa ba kusa ba a cikin ruwa. Tazarar roba da rim kada ta wuce milimita 2 zuwa 3, kuma in ka matse mariƙin birki har ya taɓa kan keke, birkin nan ba ya nan. Wani kuskure da ake yawan yi wajen sauya roba: gidan ƙarfen da robar ke shiga yana da baki ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Rufaffen shi ke kallon gaban keke. In aka juya shi, ranar da aka ja birki da ƙarfi rim zai zare robar ya jefar. Haka kuma baƙin man da ake juye wa sarƙa yana ɗiga a rim ɗin baya ya kashe birki, ga tara ƙura. Kuma tunda 'yan gwanjo daga ƙasashe daban-daban suke zuwa, a duba wane hannu ke riƙe da gaba: tsarin Ingila hannun dama ne, na Amurka da yawancin Turai hagu ne.

Birkin ƙafa tsohon abu ne, tun ƙarshen shekarun 1890 aka fara yin sa, kuma hob ɗin Torpedo na kamfanin Fichtel & Sachs a Jamus ya fito a 1903. Har yanzu shi ne gama-gari a kekunan cikin gari na Holan da Jamus da Denmak, shi ya sa ake yawan cin karo da shi a cikin 'yan gwanjo, musamman na yara. Komai nasa a cikin hob yake. In ka taka gaba, wani ƙarfe mai murɗaɗɗen tiredi yana jawo kulocin ciki ya kama jikin hob ya ja taya. In ka taka baya, kulocin ya koma ɗaya ɓangaren ya buɗe wasu ƙarafa su gogi cikin hob. Ruwan sama ba ya shafarsa, laka ba ta shafarsa, karkacewar rim ba ta dame shi ba, babu waya da za ta tsinke, babu roba da za a saya. Ƙafa kuma ta fi hannu ƙarfi, abin da ke da amfani ga yaron da yatsunsa ba su isa su matse mariƙin birki ba. Keken Buffalo da ƙungiyar World Bicycle Relief ta ƙera don ƙauyukan Afirka, wanda kariyarsa ke ɗaukar kilo 100, da irin wannan birkin aka san shi, kuma ba don arha kawai aka zaɓe shi ba.

Sai dai raunin nasa duk a wuri ɗaya ya taru, kuma ba ya gargaɗi. Umarnin birki ta sarƙa yake bi. Sarƙa ta zube, babu tuƙi, babu birki, a lokaci guda, kuma an fi samun zubewar sarƙa ne daidai inda ake gudu a kan gargada. Saboda haka a wannan keken ɗaurin sarƙa ba ado ba ne. In ka danna ta a tsakiya, motsinta sama da ƙasa ya tsaya tsakanin santimita 1 zuwa 1.5, a gwada a wurare da dama ana juya feda, don babban farantin da ke wajen feda ba ya cika zama daidai ba. A ɗaure notocin taya da sifana mai lamba 15, kada a bar su da ɗaurin hannu. Don gane sarƙar da ta miƙe, a auna da rula: sabuwa, daga ƙusa zuwa ƙusa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif, in ta wuce da milimita 3 ta gama aiki, kuma ta riga ta fara cin haƙora.

Abu na biyu shi ne ɗan hannun ƙarfe da ke fitowa daga hob ta hagu, wanda ake ɗaurewa a jikin firam da ƙulli da noti. Shi ke tokare duk ƙarfin birkin. Sau da yawa mai faci zai cire taya, ya mayar, ya manta da wannan notin, ko a ɗaure da waya ko robar tiyub. Da an taka birki hannun zai juya tare da taya, birkin ya ƙi ci, ya kwance saitin hob, wani lokaci ya murɗe bakin firam ɗin. Duk wanda aka cire wa tayar baya, ya duƙa ya girgiza wannan hannun kafin ya biya. Ƙaramin farantin ma ba murɗa shi ake yi ba, wani zoben sifirin ne ke riƙe da shi, in bai zauna cikin raminsa sosai ba farantin zai fice.

Na uku zafi. Gogayyar duk a cikin ɗan ƙaramin gida take, babu inda zafin zai fita. A doguwar gangara, irin wadda ake saukowa daga wajen Tumfure zuwa cikin gari, ballantana saukowa daga Tula, in mutum ya ɗora ƙafa a birki bai ɗaga ba, ga buhu ko goyo a baya, hob zai yi zafin da ba a iya taɓawa, giris ya narke ya tsiyaye, birkin ya yi rauni ko ya cije gaba ɗaya. Masu gangarowa daga tudu a gundumar Marin ta Kalifoniya sun sa wa tserensu na 1976 suna Repack, wato sake cikawa, saboda wannan: duk saukowa sai an sake cika hob da giris. Dabarar ita ce a taka da ƙarfi a rage gudu, a saki, a sake takawa, kuma in gangarar ta yi tsawo a tsaya a bar shi ya huce. Wajen cikawa, giris mai jure zafi ake sawa, irin na boris ɗin tayar mota. Alamun yana neman buɗewa su ne ƙugi ko ƙara in an taka, cijewa farat ɗaya, ko fedar ta yi tafiyar da ta kai rubu'in zagaye a baya kafin birki ya kama.

Akwai kuma saba wa jiki. Birkin ƙafa yana da ƙarfi ne in fedoji suna kwance, ɗaya gaba ɗaya baya. In abu ya faɗo maka feda ɗaya tana sama ɗaya tana ƙasa, sai ka rasa abin dannawa na ɗan lokaci. In ƙafa ta zame daga feda a rami, birki ya tafi tare da ita. Wanda ya saba da firiwil kuma zai riƙa kulle tayar baya ba da niyya ba a kwanakin farko, don ƙafarsa ta saba da juya feda baya haka kawai. Kayan cikinsa ma ba kowane mai gyara ke ajiyewa ba, kuma na wannan kamfani ba ya shiga na wancan.

Fiksi ba ya bukatar dogon bayani a kan yadda yake aiki, don babu komai a ciki: farantin baya a kafe yake da taya. Asalinsa keken tsere ne na fili mai zagaye, irin wanda aka gina a babban filin wasa na Abuja don wasannin Afirka na 2003, inda kowa hanya ɗaya yake bi, babu mota, babu akuya, kuma doka ce ma a hau ba birki. Yana da abin yabo. Ba shi da nauyi, ba shi da kayan lalacewa, yana horar da ƙafa, kuma mahayi yana jin lokacin da tayar baya ta fara zamewa. Amma a titi, rage gudu da ƙafa birkin baya ne kawai, kuma mafi rauninsa. Jan taya da samari ke burgewa da shi, a kulle ƙafa taya ta riƙa goge kwalta, ya fi birki na gaskiya cin nisa, ga cinye taya a wuri ɗaya. A Landan a 2016 wani matashi a kan irin wannan keke marar birkin gaba ya buge wata mata ta rasu, aka yanke masa wata 18 a 2017, domin dokar Ingila ta yarda kafaffiyar taya ta zama birkin baya amma ta wajabta na gaba.

Lissafin gangara kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani. Da babban faranti mai haƙora 46, ƙarami mai 18, da taya inci 28, kowane zagayen feda yana cin kusan mita 5.7. A gudun kilomita 30 a awa ƙafa tana zagaye 88 a minti, a 40 ta kai 117, a 50 ta kusa 146, kuma babu damar hutawa. Ƙafa ta kuɓuce, fedar ta ci gaba da wulwulawa tana dukan ƙwauri, ba ta kamuwa. Dole ne a sa abin da ke riƙe ƙafa a feda, wanda ba ya tafiya da silifas. A kwana ba ka da ikon ɗaga fedar ciki, in ta daki ƙasa tayar baya ta tashi, shi ya sa kekunan tsere ke amfani da gajeren hannun feda mai milimita 165. Sannan ga suturarmu. Bakin wando mai faɗi, jallabiya, babbar riga ko zani, in sarƙar fiksi ta kama ba ta saki, domin nauyin keke da na mahayi ne ke juya ta. Haka take yi wa yatsan mai goge sarƙa da tsumma taya tana juyawa.

Hob ɗin fiksi na gaskiya yana da tiredi hawa biyu. Farantin yana ɗauruwa ta dama, sai wani zoben kulle a bayansa da ke ɗauruwa ta hagu, yadda in ƙafa ta tura baya farantin ya nemi kwancewa, sai ya ƙara matse zoben. Abin gudu shi ne fiksin dole: firiwil ya lalace a kai wa mai walda ya like shi, ko a murɗa kafaffen faranti a kan hob na yau da kullum. Waldar ta hana shi firi, amma har yanzu a kan tiredin dama kaɗai yake zaune, kuma ranar da aka tura baya da ƙarfi zai warware. Masu harkar a ƙasashen Turawa sunan kashe kai suka laƙaba wa irin wannan haɗin. Firiwil sabo bai kai kuɗin ɗinkin goshi ba.

To wa zai ɗauki wanne? Ɗan makaranta ko ma'aikacin da ke zirga-zirga tsakanin Pantami, Jekadafari da Tudun Wada, yana hawa yana gangara a cikin 'yan acaɓa, mai firiwil da birki biyu masu aiki ya fi masa, in da hali mai rim ɗin alminiyam da murfin sarƙa. Kayan gyaransa ko a ƙauye ana samu. Manomi ko mai kai kaya kasuwa a shimfiɗaɗɗiyar hanya mai laka da damina, birkin ƙafa zai hutar da shi daga sayen roba da saitin rim, kuma nauyin da ke kan kariya yana ƙara wa tayar baya riƙon ƙasa, amma da sharaɗin a ƙara masa birkin hannu a gaba. Ƙaramin yaro mai koyo a cikin unguwa ma birkin ƙafa ya dace da shi, sai dai a fara saba masa da na hannu kafin ya fita babban titi. Wanda hanyarsa ke da doguwar gangara da kaya ya bar birkin ƙafa. Fiksi kuwa na mai motsa jiki ne da sassafe a hanyar da ba cunkoso, da matsattsen wando, da takalmi mai igiya, da birkin gaba. Ba keken goyo ba ne, ba na aike ba ne.

Mai ɗaukar kaya ko mai yawan hawan tudu zai ji sauƙi in ya sauya ƙaramin faranti daga 18 zuwa 20 ko 22, zagayen feda ya sauko zuwa mita 5.1 ko 4.7. A birkin ƙafa wannan yana ƙara wa birkin ma ƙarfi. Kowane haƙori ɗaya da aka ƙara yana jawo taya gaba da kusan milimita 3, don haka a duba ko ramin firam ɗin yana da sauran wuri, in babu a ƙara sarƙa. Mai son mayar da kekensa na firiwil zuwa birkin ƙafa ya sani sai an sake saƙa tayar baya gaba ɗaya, kuma ya ƙirga ramukan sifok tukuna: yawancin hob na yanzu 36 ne, alhali tsofaffin manyan kekuna irin na Ingila 40 ne a baya, 32 a gaba, ba za su haɗu ba. Mai sayen ɗan gwanjo mai birkin ƙafa kuma ya leƙa saman fok, wato ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, daidai kan tayar, ya ga ko akwai ramin da za a ɗaura birkin hannu, ya kuma duba ko gefen rim ɗin shafaffe ne da roba za ta iya kamawa, domin wasunsu an yi musu fenti ko an zagaye gefen tunda ba a yi su don roba ba. In ramin babu, ko rim ɗin bai dace ba, a haɗa kuɗin sauya su a cikin ciniki tun kafin a sallama.